Black Joke: jirgin masu fataucin bayi da ya koma farautar iyayengijinsa

 A wanga fili na yau za mu ɗan bar zancen farashin hatsi da kuɗin mota, mu gangara bakin teku, mu koma baya kusan shekara 200, domin mu ji labarin wani ƙaramin jirgin yaƙi na ƙasar Ingila da ake kira Black Joke. Shekara huɗu da ƴan watanni kawai ya yi yana aiki, daga farkon 1828 zuwa watan Mayu na 1832, amma a cikin wanga ɗan lokaci ya kuɓutar da mutane fiye da 3,000 daga hannun masu fataucin bayi a tekun Afirka ta yamma.

Wani zai ce mi ya haɗa ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram da jirgin Turawa na zamanin da? Abin da ya haɗa su shi ne, labarin wanga jirgi daga farkonsa har ƙarshensa labarin kasuwa ne. Don kasuwanci aka ƙera shi, a gwanjo aka saye shi, kuma da lissafin kai ake biyan ladan waɗanda suka yi aiki cikinsa. Hajar da ake rigima a kanta kuwa ɗiyan Adam ce, har da Hausawa a ciki.

Kasuwar da aka hana, ba ta watse ba

Kafin a zo kan jirgin, sai mun san halin da ake ciki. Shekaru aru-aru Turawa sun yi suna sayen mutane a bakin tekun Afirka suna ƙetarewa da su zuwa Amurka, su yi noman rake da taba da auduga. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyon 12 da rabi aka loda cikin jirage a tsawon wagga sana'a. Turawan Ingila suna cikin manyan dillalanta, jiragensu kaɗai sun ɗauki fiye da miliyon 3.

A shekara ta 1807 majalisar dokokin Ingila ta hana ƴan ƙasarta fataucin bayi. A 1808 kuma aka turo jiragen yaƙi biyu su riƙa sintiri a gabar Afirka ta yamma, daga baya aka ƙara yawansu, aka kafa masu mazauni a Firitawun, babban birnin Saliyo na yanzu. To amma dokar Ingila ba ta hawa kan ɗan Fotugal ko ɗan Sipaniya ko ɗan Birazil. Sai da aka bi ƙasashen nan ɗaya bayan ɗaya ana sa hannu kan yarjejeniya, kuma kowace yarjejeniya da ramin da aka bari a cikinta. Ta Fotugal, wadda Birazil ta gada, ta hana sayen bayi a arewa da layin nan da ya raba duniya biyu, ta bar kudu a buɗe. Sai masu jiragen Birazil su karɓi takardar izinin zuwa Kabinda ko Molembo can kudu, su fita teku, su karkata su nufi Ikko da Badagiri da Wida. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ganin kaya da takardar wani gari alhali wani garin suka nufa, ya san irin wagga dabara.

Da hani ya zo, sai farashi ya tashi a Birazil da Kuba. Jirgi ɗaya in ya kai kayansa lafiya, ya mayar da kuɗin wasu da aka kama. Abin da mai fatauci ke buƙata kawai shi ne jirgin da ya fi na soja gudu.

Henriketa, jirgin da ya gagara

A wancan zamani galibin jirage ba su da inji. Jirgi na tafiya ne da iska, ana ɗaura manyan ƙyallaye masu kauri a bisa dogayen itatuwa da aka kafa a tsakiyarsa, iska ta cika su ta tura shi. Gudun jirgi ya danganta ga siffar jikinsa da yawan ƙyallen da zai iya ɗauka. Maƙeran birnin Baltimo na ƙasar Amurka sun yi suna wajen ƙera jirage sirara masu tsinin baki, kuma galibin masu tarihi sun tafi a kan cewa daga hannunsu jirginmu ya fito.

Sunansa a lokacin Henriketa. Mai shi wani babban attajiri ne na birnin Salbado a jihar Bahiya ta Birazil, ana ce da shi José de Cerqueira Lima. Daga 1825 zuwa 1827 Henriketa ya yi sawu shida tsakanin Afirka da Bahiya, ya sauke mutum 3,040 da rai. An ƙiyasta ribar da ya kawo wa mai shi ta kai fam 80,000 na kuɗin Ingila na wancan zamani. Kayan da jiragen Bahiya ke kawowa a musanya da mutane sun haɗa da taba da aka shafe da ruwan rake, da barasa, da yadi, da bindigogi. Tsawon jirgin bai kai mita 30 ba, wato ko tsawon manyan motocin ɗaukar kaya biyu bai cika ba.

Ranar 6 ga watan Satumba na 1827, a sawu na bakwai, dubunsa ta cika. Wani babban jirgin yaƙi na Ingila mai suna Sybille, ƙarƙashin kumandan Francis Collier, shugaban rundunar sintirin, ya ritsa shi bayan ya yi lodi. Da aka buɗe cikinsa, mutum 569 aka tarar, maza da mata da yara, a cunkushe cikin wanga ɗan wuri.

Gwanjo a Firitawun

Ƙa'ida ita ce, duk jirgin da aka kama sai a kai shi Firitawun gaban wata kotu ta haɗin gwiwa, inda alƙalin Ingila ke zama tare da alƙalin ƙasar da jirgin ya ɗauko tutarta. In aka tabbatar da laifi, sai a ƴanta mutanen da ke ciki, jirgin kuma a yi gwanjonsa. A nan ma akwai wani rami. Sau da yawa wakilan masu fataucin ne ke zuwa su saye jirgin da araha, bayan ƴan watanni a sake ganin shi a bakin kogi yana lodi da sabon suna.

Collier ya san ciwon da ke damunsa. Jirginsa Sybille tsohon jirgin Faransa ne da Ingila ta ƙwace tun 1794, yana da igwa wajen 40, amma yana da nauyi, kuma ba ya iya shiga ruwa maras zurfi. A sa shi ya bi ƙaramin jirgin bayi, kamar a sa babbar mota ta bi ɗan kabu-kabu ne cikin lungunan kasuwa. Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari. Don haka a watan Janairu na 1828 kumandan ya sayi Henriketa a kan fam 900, ya sauya masa suna zuwa Black Joke, sunan wata tsohuwar waƙa ta Turawan Ingila. Jirgin da ya kawo ribar fam 80,000 ya tashi a fam 900.

A takarda, Black Joke yaron Sybille ne, ƙarƙashin izininsa yake aiki, daga cikin mutanensa ake ɗebo masa ma'aikata. An kafa masa doguwar igwa guda a tsakiya, bisa wani gindi mai juyawa, ta yadda za a iya auna ta kowane ɓangare ba tare da an juya jirgin ba. Dutsen da take harbawa ya kai kilo 8. Daga baya aka ƙara masa wata ƙarama. Mutanensa ba su cika wuce hamsin da ƴan kai ba, kuma a cikinsu akwai baƙaƙen fata ƴan ƙabilar Kuru na gabar Laberiya ta yanzu, gwanayen ruwa, waɗanda su ke tuƙa ƙananan kwale-kwale cikin igiyar ruwa da bakin koguna inda Bature ba ya jurewa.

Ba don Allah kaɗai sojojin ke wanga aiki ba. Gumnatin Ingila na biyan lada a kan kowane mutum da aka sauke da rai a Firitawun: fam 10 a lokacin da Black Joke ya fara aiki, aka rage zuwa fam 5 a 1830. Ana raba kuɗin daga kumandan har zuwa ƙaramin matuƙi, kowa gwargwadon girmansa. Wato mai sayarwa na ƙirga kai, mai kuɓutarwa ma na ƙirga kai.

Farauta ta fara

Ba a yi mako biyu da sayensa ba ya nuna halinsa. Ranar 12 ga watan Janairu na 1828, ƙarƙashin wani hafsa mai suna William Turner, ya kama jirgin Sipaniya Gertrudis da mutum 155. A watan Mayu ya kama Vengador, wanda ke ɗauke da mutum 645. Abin da ya taimake shi, ban da gudu, shi ne kamanninsa. Mai jirgin bayi in ya hango shi daga nesa, sai ya ɗauka abokin sana'a ne, ba ya farga sai tutar Ingila ta tashi.

Karon da ya fi yi masa suna ya zo a farkon 1829, lokacin da hafsa Henry Downes ke riƙe da shi. Akwai wani jirgin Sipaniya mai suna El Almirante da ya yi lodi a wajen Ikko zai nufi Habana ta ƙasar Kuba. Igwa 14 gare shi da mutum 80, kuma bai ɓoye cewa ba ya tsoron ƙaramin jirgin Ingila ba. Black Joke na da igwa biyu.

Awa 31 aka yi ana bin juna. Ana cikin haka iska ta ɗauke, teku ya kwanta, jiragen biyu suka tsaya cik. Sai Downes ya sa mutanensa suka fito da dogayen itatuwan tuƙi, suka riƙa jan jirgin da ƙarfin damtse cikin zafin rana, har suka kusanci abokin gaba. Ranar 1 ga watan Fabrairu aka gwabza na minti 80. Dabarar Downes ita ce ya riƙa tsayawa ta bayan El Almirante, inda igwoyinsa na gefe ba su iya kai wa, yana sakar masa wuta da tasa mai juyawa. Da ƙura ta lafa, mutum 15 sun mutu a jirgin Sipaniya, har da shugabansa, 13 sun ji rauni. A Black Joke shida suka ji rauni, biyu daga cikinsu suka rasu daga baya. An sami mutum 466 a ɗaure a cikin El Almirante. Ku tuna, duk tsawon wanga harbe-harbe suna ƙarƙashin daɓen jirgi cikin duhu, ba su san wa ke harbin wa ba, balle su san abin da zai same su. Wata guda bayan haka Black Joke ya sake kama wani jirgi mai suna Carolina da mutum 420.

Wagga shekara ta 1829 ita ce ta fi muni ga rundunar, ba kuma igwa ce ta ci su ba, cutar shawara ce. Cikin mutum 792 da ke aiki a rundunar, 204 suka mutu. A lokacin ba wanda ya san sauro ke kawo ta, ana ɗora laifin a kan mugunyar iskar bakin koguna. Shi kansa Downes rashin lafiya ce ta mayar da shi gida.

A watan Nuwamba na 1830 Black Joke ya kama wani jirgi mai gudu irinsa, Dos Amigos. Shi ma aka saye shi, aka raɗa masa suna Fair Rosamond, ya zama abokin farautarsa. A watan Afrilu na 1831, ƙarƙashin hafsa William Ramsay, ya yi karo da Marinerito kusa da tsibirin Farnando Po, wanda ake kira Biyoko yanzu. Sai da aka hau jirgin aka yi ta da takobi hannu da hannu. Mutum 496 ke ciki. An tarar 26 sun riga sun mutu, fiye da 100 kuma ƙishirwa da rashin iska sun galabaitar da su har ba su iya ci gaba da tafiya, aka sauke su a tsibirin, inda fiye da rabinsu suka cika.

Ramin da ke cikin doka

Yanzu ga abin da ya fi ɗaci a labarin. Yarjejeniyar da aka yi da Sipaniya da Fotugal ta ce ba a kama jirgi sai an tarar da bayi a cikinsa. Ko an ga sarƙoƙi da mari, da manyan tukwanen dafa abincin ɗaruruwan mutane, da gangunan ruwa da suka fi ƙarfin ma'aikatansa, in dai babu bawa a ciki, sai a bar shi ya wuce. Hafsan da ya kama jirgi ba bisa ƙa'ida ba ma, ana iya sa shi ya biya diyya daga aljihunsa.

Ɗan fasa-ƙwauri in ya hango ƴan duwan, yakan jefar da kaya ya tsira da mota. Masu fataucin bayi ma haka suka yi, sai dai kayansu na numfashi. A watan Satumba na 1831 Black Joke da Fair Rosamond suka ga jiragen Sipaniya biyu, Regulo da Rapido, suna fitowa daga kogin Boni, a kudancin Najeriya ta yanzu. Da jiragen suka gane an gan su, sai suka juya suka koma cikin kogi. Sojojin Ingila na biye da su suna kallo da idonsu ana jefa mutane cikin ruwa, biyu-biyu, a ɗaure da mari a ƙafa. Fiye da mutum 100 suka halaka a ranar. An cim ma Regulo da sauran mutum wajen 200 a ciki. Rapido kuwa an tarar da shi wayam, kuma da ya tsira a kotu in ba don wasu mutum biyu da aka tsamo daga ruwa ba, waɗanda suka shaida cewa daga cikinsa aka jefo su.

Sai a 1835 Sipaniya ta yarda a riƙa kama jirgi saboda kayan aikin fataucin da aka gani a cikinsa, kuma a riƙa farfasa jiragen da aka kama maimakon a yi gwanjonsu. Lokacin Black Joke ya riga ya zama toka.

Su wane ne ke cikin waɗanga jirage?

A nan ne labarin ya taɓo mu. A shekarar nan ta 1807 da Ingila ta kafa dokarta, a ita ce Birnin Katsina ya faɗa hannun mayaƙan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sarakunan Katsina na da suka yiwo arewa, har daga baya suka kafa sarautarsu a Maraɗi. Yaƙe-yaƙen da suka biyo baya a ƙasar Hausa da Borno da Nufe, da rushewar daular Oyo ta Yarabawa, sun cika hanyoyin kudu da kamammu. Kowane ɓangare ya kama, kowane ɓangare an kama masa. Mutum yakan wuce daga hannu zuwa hannu, daga kasuwa zuwa kasuwa, har ya isa bakin teku. Wurin da ake ciniki da shi a kasuwanninmu na wancan zamani, mafi yawansa ta waɗanga tashoshi na bakin teku ya shigo, cikin jiragen Turawa.

Galibin waɗanda ake lodawa a Ikko da Badagiri a shekarun Black Joke Yarabawa ne, amma akwai Hausawa da Nufawa da Barebari a cikinsu. A Bahiya, garin mai Henriketa, Hausawa sun yi yawa har sun shirya tawaye a 1807 da 1809 da 1814. A watan Janairu na 1835, cikin azumin Ramalana, bayi Musulmi suka yi babban bore a birnin Salbado. Yarabawa ne suka fi yawa a cikinsu, da Hausawa tare da su, kuma an tarar da layu da rubutun Arabiyya a jikin waɗanda aka kashe.

Zancen ya kai har fadar Sakkwato. A 1824 wani hafsan ruwa na Ingila mai suna Hugh Clapperton ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, suka tattauna batun hana kai bayi bakin teku, har Sarkin Musulmi ya rubuta wa sarkin Ingila wasiƙa. Clapperton ya sake dawowa, ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827, wata biyar kafin a kama Henriketa. Maganar ba ta kai ga aiki ba.

Bayan an kwance mari

Wanda aka kuɓutar ba gida ake mayar da shi ba. Daga wajen Ikko zuwa Firitawun tafiyar makonni ce, ana fama da iska da igiyar ruwa, a cikin jirgin nan dai da aka loda su, kuma da yawa kan mutu a hanya. In an isa, sai a rubuta sunan mutum da tsayinsa da tsagar fuskarsa cikin babban littafi. Wasu a sa su soja, yara a raba su ga masu gida da sunan koyon sana'a na shekaru, wanda sau da yawa bai da nisa da bauta. Sauran a zaunar da su a ƙauyuka irin su Kisi da Rijent da Watalu.

Duk da haka sun rayu, kuma da yawansu kasuwanci ne ya tashe su. Sun fara da talla da ƙananan rumfuna, har wasu suka haɗa kuɗi suka riƙa sayen jiragen bayi a gwanjo suna fatauci na halal da su zuwa Badagiri da Ikko. Musulminsu sun kafa unguwanni da masallatai a Fura Be da Fula Tawun. Ɗaruruwan Hausawa sun zauna a Saliyo, kuma a bakinsu wani Bajamushe mai suna Schön ya fara koyon Hausa, har ya buga littafin kalmominta a 1843. Wani Bajamushen, Koelle, ya tattara kalmomin harsuna fiye da 100 daga bakin waɗanga mutane ya buga a 1854, har da Hausar Kano da ta Katsina. Babban malaminsa na Barbarci, Ali Aisami, ɗan wani malami ne na Borno da aka kama aka sayar, jirgin Ingila ya kuɓutar da shi a 1818.

Ƙarshen jirgin

A watan Fabrairu na 1832 Black Joke ya yi kamunsa na ƙarshe, jirgin Frasquita da mutum 290. Ruwan zafi da damina sun riga sun ci katakonsa. Aka sa masana suka duba shi, suka ce ya ruɓe. Shugaban rundunar na lokacin, Frederick Warren, ya ba da umarni a ƙone shi. A watan Mayu na 1832 aka kwashe igwoyinsa da kayansa, aka cinna masa wuta a bakin ruwan Firitawun. Ko ba komi, bai koma hannun masu fataucin ba. Abin da ya rage daga jikinsa a yau bai wuce wani ɗan batta na taba da aka sassaƙa da katakonsa ba, da wani ambulan mai ɗauke da garin ruɓaɓɓen itacensa a gidan ajiyar takardun tarihi na Ingila.

Mi ya rufe kasuwar?

To jama'a, bari mu yi lissafi irin na ƴan kasuwa. Henriketa ya kai mutum 3,040 bauta a shekara biyu da ɗoriya. Black Joke ya kuɓutar da fiye da 3,000 a shekara huɗu. Jirgi ɗaya ne, gudunsa ɗaya, hannun da ke riƙe da shi ne ya sauya. Rundunar gaba ɗaya, daga 1808 zuwa wajen 1860, ta kama jirage kimanin 1,600, ta ƴanta mutum kimanin 150,000. Amma a cikin waɗanga shekaru, kusan mutum miliyon 3 aka ƙetare da su. Wato cikin kowane goma da aka loda, ko ɗaya ba a cika tarewa ba. Masu fataucin sun ɗauki kamu a matsayin asarar hanya, sun zuba ta cikin farashi.

Ita ma Ingila hannunta ba fari tas yake ba. Duk shekarun da Black Joke ke farauta, akwai bayi ɗaruruwan dubbai a gonakin rake na ƙasashen da take mulka. Sai a 1833 ta yi dokar ƴanta su, ta biya iyayengijinsu diyyar fam miliyon 20, bayin kuwa ba a ba su ko tamma ba. Kuma da sunan yaƙi da fataucin bayi jiragenta suka yi wa Ikko ruwan wuta a 1851, ta mallake garin a 1861, ƙofar mulkin mallaka ta buɗe.

Kasuwar ba ta mutu ba sai da aka je wajen mai saye. A 1850 jiragen Ingila suka fara shiga tashoshin Birazil kansu suna kama jirage, a shekarar kuma majalisar Birazil ta kafa doka mai tsanani, ta kuma yi aiki da ita. Cikin shekara biyu zuwa uku shigar da bayi ƙasar ya kusa tsayawa cak. Ta Kuba ta ja har wajen 1867. Ita kanta bautar ba a soke ta a Kuba ba sai 1886, a Birazil kuma 1888. A nan Nijar, a 2003 ne dokar ƙasa ta mayar da bautar da mutum babban laifi mai hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jirgin da ke tsakiyar teku ba shi kaɗai ke da alhakin mutum 569 da aka tarar cikin Henriketa ba. Akwai wanda ya kama, da dillalin da ya yi ciniki, da fatken da ya kora su kudu, da attajirin da ya ba da jari, da wanda ya sha shayi da sukarin da suka noma. Kowannensu zai iya cewa shi dai kasuwancinsa yake yi. Ku da kuke wuni cikin saye da sayarwa kun fi kowa sanin cewa hajar da ba ta da mai saye ba ta kwana biyu a kasuwa, kuma ba kowace riba ce ake kaiwa gida ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a kogin Boni da cikin teku, ya sa albarka a nemanmu, ya tsare mu da cin haƙƙin ɗan Adam. Sai mun sake saduwa a wanga fili.